Amsoshin tambayoyinku: tsohuwar mota mai sauƙin kuɗi ta hawan yau da kullum, da abin da ya dace a canza mata

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo kan mota ne, tsohuwar mota mai sauƙin kuɗi da mutum zai riƙa hawa kullum ya sauke yara a makaranta ya wuce wajen nema, in ya samu sarari kuma ya ɗan gyara ta yadda ransa ke so. Na ɗebo guda biyar da nake ganin sun ɗauke sauran, na kuma taƙaita su don wasu sun yi tsawo sosai.

Tambaya daga wani malamin sakandare a Zariya: Shekarata shida a kan mashin, yanzu iyali sun ƙaru, na haɗa kuɗin adashe da na mashin ɗin da na sayar. Dillali ya nuna min motoci huɗu da kuɗina zai iya kaiwa, Golf 3, Honda Civic 2002 otomatik, Peugeot 406, sai wata Corolla 2004 da ta fi su tsada kuma fentinta duk ya koɗe. Abokina ya ce Golf, maiɗakina ta ce Civic ta fi kyau. Wacce zan ɗauka?

Malam, Allah ya sanya alheri ya sa a hau lafiya. In dai lafiyar motocin nan huɗu ta zo ɗaya, to Corollar nan mai koɗaɗɗen fenti ita zan ce ka ɗauka, kuma zan faɗa maka dalili, amma ka riƙe wannan sharaɗin na lafiya don shi ne gaba da sunan mota.

Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda aka fi shigo da ita daga Amurka, tana ɗauke da inji 1.8 da ake kira 1ZZ-FE, kuma abin da ya sa nake son injin nan ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne sarƙa yake amfani da ita wajen taimin ba bel ba, wato babu fargabar nan ta bel ya tsinke kana tsakiyar hanyar Kaduna. Kayanta kuma ba sai ka yi waya Legas ba, daga Fanteka a Kaduna har Ƙofar Ruwa a Kano duk shagon da ka leƙa za ka samu, sabo da na Beljiyam, kuma babu garejin da za ka shiga bakanike ya tsaya yana kallonta kamar baƙuwa. Ranar da ka tashi sayarwa kuma ba ta kwana, wannan ma kuɗi ne a ajiye. Fenti kuwa ai ranar ƙasar nan ce ta cinye shi, ba ya hana mota tafiya, in ka huta bayan shekara ka kai ta wajen mai fenti. Abu ɗaya, kar a haɗa maka ita da Corolla ta 1998 zuwa 2002, sunan injin ɗaya ne amma na waccan shekarun ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda ringinsa, sai ka ga kana ƙara mai tun kafin lokacin juye ya yi.

Tunda muna nan, ka tambayi dillalin ko yana da Pontiac Vibe. Mutane da yawa suna hawanta ba su san cewa Toyota ce a ciki ba, kamfanin GM da Toyota ne suka haɗu suka ƙera ta a wata masana'anta a Kalifoniya, ita da Toyota Matrix 'yan uwan juna ne, kuma ta 2003 zuwa 2008 injin Corollar nan ne a cikinta in ka cire samfurin GT. Bayanta a buɗe yake, buhun masara da kayan yara duk za su shige. Inda take da ɗan wuya shi ne kayan jiki, fitila da bamba da makamantansu, don an daina yin Pontiac tun 2010, sai dai na Beljiyam.

Golf 3 kuma abokinka bai yi ƙarya ba, mota ce mai juriya, shi ya sa direbobin haya suka riƙe ta tsawon shekaru, injinta ba shi da rikitarwa, manuwal ce yawanci, kayanta araha. Amma Malam ka yi lissafi, an fara yinta 1991 an daina wajen 1997, mai dogon bayan nan ta ɗan ƙara zuwa 1999, kaga ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25 kenan, kuma mafi yawan waɗanda ke kasuwa yanzu sun ci haya sun ƙoshi, an ɗora musu kaya har saman but an bi hanyar ƙauye da su. Wayoyinta sun bushe, ƙasanta na iya yin tsatsa, da yawa kuma daga Turai babu AC suka zo sai wanda aka ɗaura a nan. In ka samu wadda wani dattijo ya riƙe shi kaɗai yana zuwa masallaci da kasuwa da ita, wannan kam ka ɗauka da hannu biyu ka ajiye canjin, amma irinta ba ta cika zuwa hannun dillali ba, a cikin dangi ake cinye ta.

Civic ɗin da uwargida ta zaɓa tana da kyau kuma ba ta shan mai, sai dai ta 2001 da 2002 otomatik giyarsu ta yi ƙaurin suna, tana fara zamewa ko fizga in ta tsufa, balle in an taɓa zuba mata man giyar da ba nata ba, don Honda nata man take so ba kowanne jan mai ba. Injinta 1.7 kuma bel ne, kuma irin injin da in bel ɗin ya tsinke fistin ke dukan bawul ne, aikin ya zama babba. Ana canza shi wajen mil 100,000, kuma tunda ba ka san ranar da mai ita na baya ya canza ba, to ranar da ka saya ka ɗauka kuɗin bel da famfon ruwa na cikin kuɗin motar. Da manuwal ce da na fi sakin jiki da ita.

406 kuwa ni kaina ina sonta, duk cikin huɗun nan babu wadda ta kai ta daɗin zama a doguwar tafiya, tana shanye gargada kamar ba a kan titinmu take ba, kuma tunda PAN, kamfanin Peugeot na Najeriya, ya haɗa ta a Kaduna kai da kake Zariya ba za ka rasa wanda ya santa ba. Matsalarta ba ta yafe wasa da waya, ɗan rewaya ɗaya da bai santa ba ya yanke nan ya jona can sai ka shiga zarya. In kana da bakaniken Fijo na gaske da ka yarda da shi kuma motar manuwal ce, ba laifi. In ba ka da shi, wannan motarka ta farko ce, ka sauƙaƙa wa kanka.

Shawarar da na fi so ka ɗauka ita ce kar ka zuba duk kuɗin a sayen motar. Ko wacce ka ɗauka sai ta ci kuɗi a watan farko, juye, filtoci, takalmin birki, wataƙila taya biyu da batir, ga canjin takardu da inshora. In Corollar za ta cinye komai har ba ka da na juye, gara ka ƙara haƙuri wata biyu ka ƙara tari.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kano: Tsakanin 'yar Beljiyam da wadda aka hau a nan gida wacce ta fi? Kuma ni ban san komai a mota ba, me zan duba kar a cuce ni?

Alhaji, da can amsar mai sauƙi ce, kowa zai ce maka Beljiyam. Yanzu lissafin ya canza, a Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, wato hanyar Kwatano da mutanenmu suka saba, daga baya kwastan suka koma yin kuɗin fito da lambar shasi, sannan naira ta faɗi daga 2023, sai 'yar Beljiyam ta yi nisa da hannun mai ƙaramin ƙarfi. Kuma kalmar Beljiyam ɗin ma ba ta nufin lafiyayya, da yawan motocin Amurka daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye ake sayo su a gyara a fesa. A ɗaya gefen kuma akwai motar da aka hau a nan wata shida, a wanke injin a cire lamba a ajiye ta a layin Beljiyam. Don haka ni ba sunan nake saya ba, motar da ke gabana nake dubawa.

Na farko ka je da bakanikenka, naka na kanka wanda kai za ka sallame shi, ba wanda dillali ya kira ba, don wanda zai ci la'ada in ciniki ya faɗa ba zai ga aibu ba. Na biyu ka je da sassafe kafin a tada motar. Na taɓa raka wani ƙanina ganin mota a wani fili, ƙarfe takwas na safe lokacin sanyi, ina ɗora hannu a bonet na ji shi da ɗumi, mai motar ya ce ai wanke ta aka yi aka matsar da ita. Muka yi sallama muka ce za mu yi shawara, washegari muka dawo tun bakwai ba mu sanar ba, aka murza makulli ta yi ta kuka kafin ta kama, tana kamawa hayaƙi shuɗi-shuɗi ya turnuƙe bayanta har yaron da ke shara a wajen ya matsa gefe. Da mun biya jiya da ringi za mu fara. Hayaƙi mai shuɗi baƙin mai take ƙonawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne ke shiga, wato gaskit, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa.

Ka sa a buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka juya shi ka kalli cikinsa, in ka ga wani abu mai kauri kalar shayi da madara ya manne, ruwa ya haɗu da mai, ka yi hattara. Ka leƙa lagireto tun injin na sanyi, kar a taɓa buɗe shi da zafi, ka ga kulan ne, wato ruwan sanyaya inji mai launi, ko jan ruwan tsatsa. In otomatik ce a zaro sandar man giya a shafa a farar takarda a shinshina, in ya yi baƙi yana ƙauri to giyar ta sha wuya. Sannan ka durƙusa da kanka ka ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera da na cikin but wajen safaya taya, ka haska da fitilar waya, busasshen taɓo a lungu ko tsatsa a kusoshin kujera ko warin rima alamar motar ta kwana a ruwa ne, irin wannan kuwa wayoyinta da kwamfutarta za su yi ta ba ka ciwon kai ɗaya bayan ɗaya, ko kyauta-kyauta aka yi maka farashi ka bar ta.

Ka murza makulli ba tare da ka tada ba ka kalli dashbod, dole fitilar inji da ta birkin ABS da ta jakar iskar kariya, in motar na da su, su kama sannan su ɗauke bayan an tada, in wata ba ta kama ba sam to ana iya cire ƙwanta ne don a ɓoye matsala. Ka biya a jona mata kwamfuta, motocin Amurka daga 1996 duk suna da wajen jonawa a ƙarƙashin sitiyari, kuɗin kaɗan ne a kan abin da zai tona. A kuma leƙa ƙasa a ga ko indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, na nan, don ana yanke shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa a toshe wajen da bututu. Lambar tafiyar da ke dashbod kar ka dogara da ita sosai, ana mayar da ita baya, ka kalli yadda robar birki da sitiyari da kujerar direba suka cinye, su ba sa ƙarya. In ta Amurka ce ka tuna mil take ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Sai tuƙi, ba zagayen fili ba, ku hau titi ku yi kamar minti 20 da AC a kunne, ku shiga go-sulo ku ga allurar zafi, ku bi hanya mai gargada ku saurari ƙafafu, ku taka birki da ƙarfi ku ga ko tana ja gefe.

Takardu kuma Alhaji kar ka yi kunya a kansu ko wajen wa za ka saya. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, ka karanta ta a jikin motar da idonka ka gwada da ta takardar kwastan da ta mallaka ɗaya bayan ɗaya, ka kai takardar kwastan ofishinsu a tabbatar maka, don ana kama mota a hanya kan kuɗin fito ko shekara nawa ta yi a hannunka. A rubuta yarjejeniya da shaidu da hoton katin shaidar mai sayarwa, ka biya ta banki, ka yi canjin suna da wuri. Inshorar nan ta dole ta ƙaramar mota naira 15,000 ce tun Janairun 2023, ka yi ta gaske kar ka karɓi ta bakin titi.

Tambaya daga wani ɗalibi a Sakkwato: Yaya, babana ya bar min Corolla 2005. Ina so in sa mata rim 17, in sauke ta ƙasa kaɗan, in sa salansa mai ƙara da baƙin gilashi da farar fitila da sauti. Da wanne zan fara?

Ƙanina, Allah ya saka wa Baba da alheri, kuma ba zan ce maka kar ka gyara motarka ba, son mota ta yi kyau ba laifi ba ne. Amma ka fara da abin da ba a gani. Mota mai shekara 20 shokozobanta sun gaji, bushin sun tsattsage, man birkinta wataƙila tun daga Amurka ba a taɓa canza shi ba. Ka canza waɗannan, ka duba boljoyin da tayarod, a yi mata alaimen, wallahi za ka ji kamar wata motar aka ba ka, kuma duk adon da ka ɗora daga baya zai zauna a kan abu mai ƙwari.

Maganar rim bari in ba ka lissafi ka gani da kanka. Tayar da ta saba zuwa da irin motarka 195/65 R15 ce, tsayin robar gefenta daga rim zuwa ƙasa kusan santimita 12.7. In ka koma 16 da taya 205/55 zai dawo kusan 11.3, in ka je 17 da 215/45 ya koma kusan 9.7. Wannan robar ita ce katifar da ke tsakanin rim ɗinka da ramin titi, duk santimitan da ka rage rim ne zai karɓi dukan, ya lanƙwashe ko ya tsage, taya ta yi ƙulu a gefe, ƙafafun motar su riƙa mutuwa da wuri, ga tayar 17 ta fi tsada kuma ba kowane mai faci ne ke da ita ba in ta fashe maka tsakanin Sakkwato da Gusau. Ni 16 nake ba ka shawara, tana da kyau a ido kuma tsayin tayar gaba ɗaya kusan ɗaya ne da na asali, don haka allurar gudu ba za ta yi maka ƙarya ba. Ka tabbatar ramukan rim ɗin sun dace da motarka daidai, ta Amurka kusoshi biyar ce a tsarin da ake kira 5x100, kar ka yarda a ce za a ɗan fafe ramin ya shiga, ranka ne a kai. Tayar ma ka karanta shekararta, akwai lambobi huɗu a gefe, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, taya mai kyan zane amma tsohuwa ita ce ke fashewa a zafin watan Afrilu.

Saukewa ƙasa kam ban goyi baya ba ko kaɗan, balle yadda ake yi a nan a yanke sifirin da abin walda. Motar za ta riƙa tsalle, shokozoba su mutu, kuma tudun rage gudu na unguwa ɗaya ya isa ya fasa maka kaskon baƙin mai, in kuma bai tsiyaye a gabanka ka lura ba sai inji ya buga. Ga damina, ruwan da Corollar Baba ke ratsawa lafiya taka ba za ta iya ba.

Salansa mai ƙara ba ta ƙara wa injin 1.8 wani ƙarfin da za ka ji, ƙarar ce kawai, kuma kai da kanka za ka gaji da ita a doguwar tafiya, ga maƙwabta in ka dawo dare ko ka fita da asuba, akwai tsofaffi da marasa lafiya da jarirai, haƙƙinsu ne. In kyan bayan kake so a sa maka bakin salansa mai ƙyalli a bar sauran yadda yake, kuma kar ka bari a cire indomi da sunan mota za ta ƙara numfashi.

Fitila kuma abin na damuna sosai, don duk mai tuƙin dare ya san azabar farar fitilar nan. Gidan fitilar motarka an yi shi ne don ƙwan halojin, in ka cusa masa HID ko LED mai arha hasken ba ya taruwa a titi, watsuwa yake cikin idon mai tahowa, kai ba ka ƙara gani ba shi kuma ka makantar da shi, ga ɗan acaɓa ko mai tafiya a ƙafa a gefen hanya. Yawanci abin da ya rage maka haske gilashin fitilar ne ya yi rawaya ya dushe, a goge shi a sa sabon ƙwai mai kyau a saita tsayinsa, za ka sha mamaki. Baƙin gilashi kuma doka ta ce sai da izinin 'yan sanda, ka nemi izinin kafin ka manna, kuma kar ka sa mai duhun da za ka riƙa sauke gilashi da dare kafin ka ga madubi.

Inda zan ce ka sake ka more shi ne cikin motar. Allon Android mai Bluetooth da kyamarar baya yana da amfani na gaske, sifiku masu kyau a ƙofofi, rigar kujera, tabarmar ƙasa ta roba, sabon fenti in kuɗi ya samu. Sharaɗi ɗaya, wanda zai yi aikin ya yi amfani da soket ɗin da ke shiga na asali kar ya yanyanka wayoyi, in kuma za ka sa amfilifaya to wayar da ta taso daga batir dole a sa mata fiyus a kusa da batir ɗin. Waya tsirara da aka naɗe da leda aka tura ƙarƙashin kafet ita ce ke cinna wa mota wuta ana tsaka da tafiya. Kayan asali da ka cire, rediyo da rim, ka adana su a gida, ranar sayarwa mai saye ya fi son motar da ba a taɓa ba.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya a Gombe: Ina son ƙaramar mota otomatik don zuwa aiki har da na dare. An kawo min Peugeot 206 da wata Yaris ta Turai. Wasu na ce min otomatik ba ta da ƙarko, gaskiya ne?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Ba gaskiya ba ne a dunƙule, giyar otomatik mai hawa huɗu da ke cikin Corolla da Vibe tana daɗewa sosai in ana zuba mata man da aka rubuta mata, ita T-IV take sha. Amma waɗannan biyun da aka kawo miki sai an lura. 206 da 307 otomatik giyar da ake kira AL4 ce a cikinsu, tana yawan maƙalewa a giya ta uku, kuma masu iya gyaranta ba su da yawa, manuwal ɗinsu ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Yaris ɗin kuma ki kalli sandar giyar, in kin ga R, N, E da M babu P, to ba cikakkiyar otomatik ba ce, manuwal ce da na'ura ke taka mata kuloci, MMT ake ce mata, in ta lalace a nan sai an sha wuya kafin a samu mai saita ta. Mai P, R, N, D ita kike nema.

Tunda kina fita da dare, batir sabo da tayoyi masu kyau da fitila mai haske su ne farkon abin da za ki kashe wa kuɗi, don otomatik ba a tura ta ta tashi. Kuma ko mijinki ko yayanki ne zai je cinikin, takardun su fito da sunanki.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Kaduna: Motata ta fara shan mai sosai tun da bakanike ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce wai na ƙasar sanyi ne. Ko in mayar da ita gas kawai?

Ɗan'uwa, na san zafin da kake ji, litar da muke saya ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kowa lissafi yake. Amma kafin maganar gas ka mayar da tamostat ɗinka. An ƙera injin ne ya yi aiki da zafin da ya haura digiri 80, tamostat shi ke riƙe ruwa har ya kai nan, in an cire shi fanka kuma na ta juyawa tun daga murza makulli, injin ba ya kai zafinsa da wuri, kwamfutar motar sai ta ɗauka har yanzu safiya ce ta ci gaba da ƙara fetur, fulogi su yi baƙi, injin ma ya fi saurin cinyewa. Motocin nan ana hawansu a jihohin Amurka masu hamada da ƙasashen Larabawa da tamostat ɗinsu a ciki. In mota na ɗaukar zafi akwai dalili, ko lagireto ya toshe saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa maimakon kulan, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa, ko na'urar da ke tada fanka, wannan za a nema a gyara. Ka haɗa da sabbin fulogi na asali da filtar iska, don ƙurar hunturu na toshe ta da wuri, ka riƙa duba iskar taya, ka kuma zuba baƙin man da aka rubuta a murfin injinka ba mai kaurin da aka saba zuba wa kowace mota ba.

Gas ɗin mota da ake kira CNG yana da sauƙi a kan fetur, wannan haka yake, amma ka fara duba inda za ka riƙa sha, in gidan gas ɗin ya yi nisa da hanyarka ko kullum layi ne to ribar ta tafi a zirga-zirga. Tukunyar kuma tana da nauyi za ta cinye maka rabin but, ƙaramar mota mai gajiyayyun shokozoba za ta zauna ta baya. In ka yanke shawarar yi, ka je cibiyar da hukuma ta amince da ita kawai, don iskar da ke cikin tukunyar nan matsinta ya kai wajen 200 a ma'aunin matsi da ake kira bar, ba irin tukunyar gas ɗin girki ba ce. A watan Oktoban 2024 wata mota da aka ɗaura wa tukunyar da ba ta ƙa'ida ba ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo ana cikin ɗura mata, mutane suka ji munanan raunuka. Ka gyara tamostat ɗin tukuna, ka cika tanki ka rubuta lambar dashbod, in ka sake cikawa ka raba kilomitan da ka yi da litar da ta sha, ka yi haka sau biyu ko uku ka turo min abin da ka samu, daga nan sai mu ga ko gas ɗin zai biya ka.